Ana ciniki amma jari na karyewa: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu a ƙauye. Ina 'yar sana'ar saye da sayarwa a gida, kuma ana ciniki, amma duk bayan 'yan watanni sai jarin ya karye, sai na sake cin bashi. Yaya zan yi sana'ar ta ɗore?

Amsa: Allah ya ji ƙan maigida, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, ga macen da gida ke wuyanta, ba rashin kasuwa ne ya fi karya jari ba. Haɗa kuɗin sana'a da kuɗin cefane a jaka ɗaya ne. Yaro ya zo neman kuɗin littafi, kin zura hannu. Dare ya yi, kin ɗebi kayan sayarwa an yi amfanin gida. Kowanne kaɗan ne, amma daga uwar kuɗi yake fita.

Ki fara da sanin jarinki. Ki ware rana ɗaya a mako, ki ƙirga kayan da suka rage a farashin sari, ba farashin sayarwa ba. Ki haɗa da tsabar kuɗi da bashin da kike da tabbacin za a biya ki, ki cire wanda ake bin ki. Idan rubutu na ba ki wuya, yaron da ke makaranta ya riƙe miki littafin. Lissafin mako huɗu ya isa ya nuna miki ko jarin hawa yake ko sauka.

Sai riba ta gaskiya. A ce kin sari kaya a 100 kin sayar 120. Kuɗin mota, leda da abin da ya lalace sun ci 8. Ribarki 12 ce, ba 20 ba, kuma mai kashe 20 tana yanka jarinta da 8 duk zagaye ba ta sani ba. A cikin 12 ɗin nan, 6 ta shiga gida, 3 ta koma jari, 3 a ajiye don lalura. Idan 6 ba ta riƙe gidan, to sana'ar ta yi ƙanƙanta, sai a ƙara wata a gefe wadda kasuwarta ke ci lokacin da ta farko ta yi sanyi, musamman kafin girbi da kuɗi ke yanke wa mutanen karkara. Ki riƙa mayar da kuɗin jari kaya da wuri, domin tsabar kuɗi a hannu kowa na da buƙata a kansa.

Bashin maƙwabta da dangi kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jari. Wanda bai biya na baya ba, kada a ƙara masa, ko da ransa zai ɓaci.

Kuɗin lalura kuwa, kada ya kwana a ɗaki. Tsarin asusun mata da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, wanda ya bazu ƙasashe da dama, don haka aka yi shi. Mata 15 zuwa 25 suna haɗuwa duk mako suna zubi a akwati mai kwaɗo uku, makullan na hannun mutum uku daban. Mace na iya rancen har ninki uku na abin da ta tara, a raba kuɗi bayan wata 9 zuwa 12, kuma akwai 'yar gidauniya ta rashin lafiya da rasuwa. Ya fi adashe ta nan: ba sai kin jira kwasarki ba ranar da yaro ya kwanta ciwo.

In za ki ci bashi, ki duba lokacin da sana'ar ke dawo da kuɗi. Rancen da ake biya mako-mako bai dace da kiwo ba, domin dabba na ɗaukar watanni kafin a sayar, sai ki koma kina biya daga jarin cinikin yau da kullum. Ki kuma tambayi jimillar abin da za ki mayar, har da kuɗin fom da tarar makara, kafin ki dangwala hannu.