Talaucin unguwa da kashe kai: ya danganta da girman yankin da aka auna

Malam, tambayarka ita ce ko mazauna unguwannin talakawa sun fi kashe kansu. Alaƙa tana nan: a Ingila da Sikotland alƙaluma sun daɗe suna nuna cewa abin ya fi yawa a unguwannin da suka fi talauci. Bashi, rashin aiki, cunkoson gidan haya da nisan asibiti duk suna taruwa a kan mutum ɗaya.

Sai dai ma'aunin yana da wayo. Ɗauki Abuja: in ka auna ƙaramar hukumar birnin, wato AMAC, dunƙule, Asokoro ta masu kuɗi da Nyanya ta masu ƙaramin ƙarfi sun shiga buhu guda, bambancin ya ɓace. In kuma ka matse zuwa layi ɗaya, mutuwa biyu kacal za ta sa adadi ya yi tsalle. Ga kuma ɓoye irin wannan mutuwa a wajenmu a Najeriya, saboda kunya da kuma dokar da ta haramta yunƙurin kashe kai.

Kada a ɗauka duk talaka na cikin haɗari, ko mai kuɗi ya tsira. Wanda ya fara faɗin ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Ƙasa da ke Abuja.