Tambayoyinku kan waya: VPN ba layar zana ba ce

Tambaya daga Zariya: Malam, Facebook ta sauke rubutun da na yi kan tsadar fetur. Gwamnati ce ta sa?

Da wuya. Galibi na'urar kamfanin ce ke tsinto wata kalma, ko kuma wasu suka yi maka taron dangi suka kai ƙara. Shiga Support Inbox, wato akwatin saƙonnin ƙorafi na Facebook, ka nemi a sake dubawa.

Tambaya daga Kano: Na buɗe shafi a X da sunan bogi, kuma da VPN nake hawa. Zan iya faɗin abin da na ga dama a kan gwamna ba a gano ni ba?

Ɗan'uwa, wa ya ce maka VPN, wato manhajar da ke sauya hanyar da kake bi ka shiga intanet, layar zana ce? Wannan ruɗun ya samo asali ne tun Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter (X a yanzu) bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. Har zuwa Janairun 2022 da VPN muke shiga, sai mutane suka ɗauka abin da ya tsallake shinge zai iya ɓoye fuska. Hanyar da ka bi kawai yake lulluɓewa. To lambar da ka buɗe shafin da ita fa? An haɗa ta da NIN ɗinka. Ga hoton ƙofar gidanku da ka ɗora ranar Sallah, ga abokinka yana kiran ka da sunanka na yanka a ƙasan rubutu!

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yaranmu ake kamawa. A Nuwamban 2022 an tsare wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan saƙo guda da ya wallafa game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana zama bulalar dukan 'yan jarida, kuma gyaran da aka yi masa a 2024 bai hana kame ba.

Ban ce ka yi shiru ba, sukar mai mulki haƙƙinka ne. Kotun ECOWAS ma a 2022 ta ce rufe Twitter ya saɓa doka. Ka soki aiki da hujja: hoton titin da ya lalace, kwanan wata, adadin kuɗin da aka ware. Ni kafin in wallafa komai sai na adana shaidata a wuri biyu. Zagin iyayen mutum da ƙage kuwa, babu manhajar da za ta tsaya maka a gaban alƙali.

Tambaya daga Gusau: Idan aka sake katse layukan waya kamar Satumban 2021, VPN zai yi mini aiki?

A'a, Hajiya. Sai da intanet yake aiki, in babu sabis babu shi.