Blu-ray, HD DVD da Faifan Jabu: Amsar Wasiƙunku

Tambaya daga Yamai: Malam, na ga na'urar HD DVD ta gwanjo a kasuwar Katako. Mai kanti ya ce ta fi Blu-ray, ga sauƙin kuɗi. In ɗauka?

Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu, araha ba ta ado. Kamfanin Toshiba ne ya fito da HD DVD, wato faifan fim mai hoto tar, a 2006, Sony da abokansa kuma suka fito da Blu-ray a shekarar. Na farko yana ɗaukar GB 15 (GB ma'aunin yawan abin da faifai ke ɗauka ne) a shimfiɗa ɗaya ta rubutu, na biyu 25. Sony ya saka Blu-ray cikin na'urar wasansa ta PlayStation 3, kamfanin fim na Warner ya koma wajensa a Janairun 2008, a Fabrairu Toshiba ya miƙa wuya. Bayan nan aka daina buga faifan HD DVD. Cikin faifan da ke kasuwa yau, abin da na'urar za ta karanta maka DVD da CD ne kawai, kuma kana da mai yin wannan a gida.

Tambaya daga Tawa: Na sayi faifai, an rubuta Blu-ray a jikin kwalin, fim goma sha biyu a ciki. Na sa a tsohuwar DVD ɗina ya kama, amma hoton dishi-dishi. Na'urar ce ta gaji?

Alhaji, na'urarka lafiyarta ƙalau, kai ne aka yi wa wayo, kuma abin nan yana ci mini rai domin kusan kowane mako sai an aiko mini da irinsa. Da faifan ya kama a tsohuwar DVD, magana ta ƙare: ba Blu-ray ba ne. DVD da jan haske mai nanomita 650 (ma'aunin tsawon zangon haske) take karatu, shi kuwa Blu-ray rubutunsa ya yi ƙanana ƙwarai, sai shuɗin haske mai 405 ke iya ganinsa. Kwali kuma ai ko wa yana iya buga masa suna.

Yi lissafi da kanka. Faifan DVD GB 4.7 yake ɗauka, mai shimfiɗa biyu 8.5. Raba wannan gida goma sha biyu, kowane fim ko GB 1 bai samu ba, alhali a Blu-ray na gaskiya fim guda yana iya cinye GB 25 ko fiye. An matse su ne kamar fasinja a taksin daji, shi ya sa da an fara gudu ko faɗa fuskar jarumi ke tarwatsewa. Kun iya ƙwanƙwasa kankana kafin ku biya, amma faifai ko juya shi ba ku yi! Ni kullum shawarata ɗaya ce: mai kanti ya sa maka a tele a gabanka, ka tura fim ɗin zuwa tsakiya, sannan ka zaro kuɗi.

Tambaya daga Yamai: Telenmu tsohuwa ce mai ƙeya. In sayi Blu-ray hoto zai gyaru?

A'a, Hajiya. DVD layin hoto 576 yake bayarwa, Blu-ray 1080, telenki ba ta iya nuna bambancin. Fara sauya tele, ki haɗa da wayar HDMI, mai kai hoto da sauti daga na'ura zuwa tele. In kuma finafinan Kano ne abin kallonki, a VCD da DVD suka fito, kada ki wahalar da kanki.

Tambaya daga Tawa: Ƙanena ya aiko mini faifan Blu-ray daga Amurka, ya ƙi kamawa.

Kullen yanki ne: faifan da aka kulle wa wani yanki na duniya ba ya kamawa a na'urar wani yankin. Amurka tana yankin A, mu da Faransa muna B. Gaya masa ya duba harafin a bayan kwali kafin ya sake aikowa.