Amsa: Ko za a ga tsuntsaye a Algonkin cikin hunturu?

Ɗan'uwa, ka ce kana Toronto, kana tambaya ko zuwa gandun dajin Algonkin na lardin Ontario, Kanada, a Janairu don kallon tsuntsaye ba asarar mai ba ne. Wallahi ka je, amma ka fara binciko yadda itatuwan dajin suka yi 'ya'ya bana. Ƙananan tsuntsaye dangin kanari da ake zuwa kallo a can abinci suke bi, ba kalanda ba. Shekarar da itatuwa masu ganye kamar allura suka yi 'ya'ya sosai, sai su cika dajin, wata shekarar kuwa tsit.

Ka bi babbar hanya mai lamba 60 zuwa cibiyar baƙi a alamar kilomita 43 daga ƙofar yamma ta dajin, inda ake zuba musu ƙwaya. Can gurosbik, wani tsuntsu rawaya mai kaurin baki, ke taruwa da safe. Kurosbil kuwa bakinsa a gicciye yake, da shi yake ɓamɓare ɓawo ya zaro ƙwayar da harshe. Idan abinci ya wadata har ƙwai yakan yi a lokacin dusar ƙanƙara. Tsuntsayen nan sukan sauka kan kwalta tsintar gishiri da tsakuwa, motoci na kashe su, don Allah ka rage gudu.

Ni dai na fi son titin Opiyongo. Nan za ka haɗu da Kanada-je, tsuntsu mai launin toka da ba ya tsoron mutum, wanda ke manna abinci da yawunsa a ƙarƙashin ɓawon itace tun kaka.

Ka sayi takardar izinin mota, ka sa batirin kyamara a aljihun ciki, sanyi na cinye caji.