Amsa: Zuwa Mosko koyon Rashanci lokacin dogon hutu

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi wata biyu a Mosko koyon Rashanci, kana neman sanin shirin da ya dace.

Haddace haruffan Rashanci 33 tun kana gida. Kula da masu ruɗarwa: Р ana karanta shi R, Н kuwa N ne, С kuma S. Wanda ya sauka bai san su ba, makonsa na farko ya tafi a banza.

Bizar karatu sai da takardar gayyata daga makarantar. Da saukarka, adana katin shige-da-fice da jami'an kan iyaka za su ba ka, ka kai fasfo ofishin ɗaliban waje su yi maka rajista cikin kwanakin aiki bakwai. Tun 2022 katunan Visa da Mastercard na waje ba sa aiki can, saboda haka riƙe sababbin daloli a hannu. Kafin sayen tikiti, tuntuɓi ofishin jakadancin Rasha, don ƙa'idojin biza na canzawa.