Murfin buwat (akwatin giya) na tsohuwar jif ya tsage, in ba mai walda ko in nemi wani?

Tambaya: Salamu alaikum Baba. Daga Kusiri nake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tsohuwar jif Hotchkiss irin ta sojan Faransa, to murfin buwat ɗinta na sama inda sandar giya take zama ya tsage daga ramin noti har wuya, mai sai tsiyaya yake. Sau biyu ina tsallakawa Njamena ban samu wani ba. Wani mai walda ya ce jaka uku, minti goma ya gama. Ni dai tsoro nake kar a kashe min shi gaba ɗaya don shi kenan gare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Kar ka ba shi. Duk wanda ya ce maka minti goma a kan fonti, wato ƙarfen zubi, ɗauki kayanka ka yi masa sai anjima.

Fara tabbatarwa fonti ne ɗin, abin da 'yan Najeriya ke ce wa kas. Manna mayen ƙarfe, in bai kama ba alminiyon ne, zancen ya canza. In ya kama, ɗan huda wani gefe da ba ya aiki, fonti baƙin gari yake fitarwa mai ɓata yatsa kamar bakin fensir, ƙarfe na yau da kullum kuwa zare-zare yake yi mai lanƙwasa.

Yanzu abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai an kawo min irinsa garaj. Mutum ya iya waldar ƙofa da gado, shi kenan a ganinsa ƙarfe ƙarfe ne, sai ya ɗauko bagit ɗin 6013, wato sandar waldar da yake haɗa taga da ita, ya ƙure wuta, ya ja layi guda daga farko har ƙarshe, sannan don ya burge ka ya kwara masa ruwa ya ce ga shi nan ya fi sabo. Ƙarfen ƙofa kabon ɗin da ke jikinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, fonti kuwa yana da kashi 2 zuwa 4. In ka narkar da shi ya huce da sauri, kabon ɗin nan ya shiga waldar, gefenta sai ya ƙeƙashe kamar gilas, ko fayil ba ya cinsa, ita kuma waldar tana hucewa tana tsukewa tana ja, fonti ba ya miƙewa balle ya bi ta. Wani lokaci tun kana ƙirga masa kuɗin za ka ji ƙas! Sabuwar tsaga kenan a gefen tsohuwar. In bai yi nan ba zai yi a hanyar Waza, inda ramuka za su gama aikin, kuma ɓarɓashi ɗaya ya faɗa tsakanin haƙoran giya ka tashi daga neman murfi ka koma neman buwat sukutum. Akwai kuma masu cewa bagit ɗin inos, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, shi ne sirrin. Wa ya gaya musu? Kyan gani ne kawai, gefen yana nan a ƙeƙashe. Wani yaro har ce min ya yi ai ranar Afrilu ta riga ta ɗumama ƙarfen. Digiri 45 ina, 300 ɗin da fonti ke buƙata kafin walda ina?

Ga yadda ake yi. A cire murfin, a wanke, a gasa shi a hankali har man da ya sha shekaru sittin ya daina hayaƙi, don in da mai a ciki waldar kumfa za ta yi. A huda ƙaramin rami kamar milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, a gurje ta ta zama kwari. A ɗaure murfin da notinsa a kan faifan ƙarfe mai kauri kar ya karkace. A ɗumama shi duka, ba wurin tsagar kaɗai ba, ya kai wajen digiri 300. Bagit na nikel ake sawa, ka duba jikin kwalin da idonka ka ga ENi-CI ko ENiFe-CI, yana da tsada shi ya sa suke gudunsa. Wuta ƙasa-ƙasa, santimita biyu ko uku a tsaya, a ɗan bubbuga da ƙaramar guduma tun da zafinta, a koma wani gefe. In an gama a binne shi cikin busasshen yashi ko toka har wayewar gari, yashin Logone ga shi nan a bakin ƙofarka kyauta, amma ka shanya shi tukuna.

Ni dai da nawa ne, waldar gas da tagulla zan yi. Tagullar walda tana narkewa wajen digiri 900, fonti sai ya kusa 1200, ka ga ba ka narkar da uwar jikin ba, kuma ga murfi ƙarfinta ya isa. Gam ɗin nan mai kwalba biyu kuwa yoyo kawai yake tsayarwa, wuyan da sandar giya ke jijjigawa ba zai riƙe ba.

Batun canji, an daina ƙera motar nan tun 1966, amma kwafin Willys ta Amurka ce ta yaƙin duniya na biyu, kayansu da yawa suna shiga juna, kuma har yau akwai masu sayar da su a Faransa. In kana da ɗan'uwa can, tura masa hoto da awon tsakanin ramukan noti. Na hannu in ka samu, rataye shi da waya ka ƙwanƙwasa, lafiyayye ƙara yake, mai tsaga sai ka ji dum.

Kafin ka mayar, kifa shi a kan gilas ka gani ko yana rawa, sa sabon juwan, wato takardar hana yoyo da ke tsakanin murfi da buwat, ka ɗaure notin kaɗan-kaɗan wannan gefe da wancan. Tsagar da ta taso daga ramin noti yawanci wani ne ya sa wa sifana bututu ya ja da ƙarfin tuwo. Ka duba robar da buwat ɗin ke zaune a kai ma, in ta mutu canza ta.