Gonar gado ba ta zama ƙasa

Ɗan'uwa, ka ce kana da gonar gado a hanyar Mirriya, kana tambaya ko za ka iya kafa tuta ka ce ƙasarka ce.

Yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta sa sharuɗɗa 4 na zama ƙasa: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. A sharaɗin yanki za ka fara tuntuɓe. Takardar gonar da ke hannunka, da hatimin hukuma a kanta, shaidar mallaka ce a ƙarƙashin dokar Nijar, ba ta ba ka mulkin kai ba. Kuma tun 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su.

Dubi Azawad nan maƙwabta, a arewacin Mali. A watan Afrilu na 2012 'yan tawaye suka ayyana 'yanci, ga bindigogi ga garuruwa a hannu, amma ba ƙasa ɗaya da ta amince da su. Wallahi abin da ya biyo baya har yau yana sosa mini rai.

Ko Sarkin Damagaram, da fadarsa a unguwar Birni ta Zinder da dogarai masu jajayen riguna, a cikin Jamhuriyar Nijar yake sarauta. Don Allah kar ka kafa tutar nan, jandarmomi za su fara zuwa maka.